Mai Gafaka, Mai Raba Gardama: Nazari kan Masu Ajiyar Littattafai a Hanyar Gwanja

Wanda ya saba da ɗakin karatu na zamani ya san ma'aikacinsa da aiki biyu: ya jera littattafai, ya kuma hana surutu. A garuruwan da ke kan tsohuwar hanyar Gwanja, wato Gambaga da Yendi da Salaga, har da Bawku can bakin iyaka, mai ajiyar littattafai ya shafe fiye da ƙarni biyu yana wani aiki na uku da ya fi waɗannan nauyi. Shi ne mai tsara zancen malamai 'yan'uwansa. Shi ke yanke wanda zai karanta wane littafi, da wanda ya isa ya karantar da shi, da mas'alar da za a buɗe a zaure, da wadda za a ce a bar ta sai wani jiƙon. In gardama ta ƙi ci ta ƙi cinyewa kuwa, wurinsa ake zuwa, domin hujjar tana cikin ɗakinsa. Ra'ayina shi ne wannan iko ya tsaya ne a kan tsadar littafi da ƙarancinsa. Da littafi ya yi arha, aikin ajiya ya sami magada a jami'o'i da ma'aikatun gwamnati, aikin raba gardama kuwa ya zauna ba mai ɗauka.

Sai an fara da hanyar kanta. Fatake kan taso daga Kano ko Katsina ko Sakkwato da kanwa da tufafi da fatu da dabbobi, su haye Kwara, su ratsa ƙasar Gurma ko ta Bargu, su faɗo Sansanne Mango, daga nan wasu su bi ta Gambaga, wasu su miƙe Yendi, a haɗu a Salaga inda goron Asante ke jiran su. Tafiyar watanni ce. Kowane babban ayari yana da madugu da jagaba da uban dawaki, yana kuma da malaminsa, wanda ke riƙe lissafi, ya rubuta wasiƙa, ya duba ranar tashi, ya raba gadon wanda ya mutu a hanya. Wannan malami ba ya tafiya hannu rabbana. Littattafansa na cikin kaya, kuma duk zangon da aka yada na 'yan kwanaki, malaman garin za su zo gaisuwa, gaisuwar da rabinta leƙen abin da baƙo ya zo da shi ne. Takardar da ake rubutu a kai daga Italiya take fitowa, mai tambarin jinjirin wata uku, ta bi ta Tarabulus ta keto Sahara zuwa Kano kafin ta kama hanyar kudu. Kafin ta iso Gambaga ta wuce hannun dillalai da yawa, kowa ya ɗora ribarsa.

Yana da kyau a dubi irin littafin nan da kyau, domin siffarsa ita ce ta haifi al'adar. Ba a ɗinke yake ba. Warƙoƙi ne a sake, an tara su tsakanin kwali biyu ko fata mai tauri, an naɗe da tadarishi, an ɗaure da tsinkiya, an zura cikin gafaka mai maratayi. Babu lambar shafi. A ƙasan kowace warƙa marubuci kan ajiye kalmar farko ta warƙar da ke biye, don in iska ko yaro ya watsa su a iya mayar da kowace gurbinta. A littattafan karatu, irin su Ahalari da Ishmawi da Iziyya da Risala, ana barin fili tsakanin layuka da kuma gefe, kuma nan ne rayuwar littafin take. Za ka ga tawada baƙa ta ainihin matani, ga wani hannu ya sa fassarar kalma da ajamin Hausa a ƙarƙashinta, ga wani na daban da siririn alƙalami ya karkata rubutu a gefe yana kawo abin da wani sharhi ya ce, ga na huɗu ya gyara wasalin da na farko ya kuskure. Mutanen nan wataƙila ba su taɓa haɗuwa ba, tsakanin wani da wani ma akwai shekara hamsin. A ƙarshe marubuci kan faɗi sunansa da sunan wanda aka rubuta wa, ya roƙi gafara ga iyayensa da malamansa. Tun da warƙoƙin a sake suke, mai littafi yana iya ba da aron guda goma ya riƙe sauran. Almajiri ya kwafe, ya dawo da su, a duba, sannan a ba shi goma na gaba. Mai littafi ya san inda kowane mai aro ya kai, kuma yana iya tsayar da shi a duk inda ya ga dama.

Haka karatun zaure yake tafiya. Malam na kan buzu, manyan almajirai na kusa, ƙanana na bakin ƙofa. Mai darasi ya ja jumlar Larabci, malam ya fassara gaɓa-gaɓa, almajiri na amsawa da na'am. In wani ya kawo ishkali zai fara da "Allah gafarta malam", kuma malam ne zai ga ko tambayar ta cancanci a tsaya a kanta, ko a ce wa mai ita bai kai wurin ba tukuna. Idan baƙon malami ya halarta, wurin da aka shimfiɗa masa buzu ya riga ya faɗi matsayinsa kafin ya buɗe baki. Ba a rubuta waɗannan ƙa'idoji a ko'ina ba, amma kowa ya san su, kuma wanda ya karya su horonsa ɗaya ne: gobe in ya zo aron littafi a ce masa wani ya riga shi.

Koguna biyu na ilimi ne suka haɗu a wannan yanki. Na farko na Wangarawa ne, wanda ya gangaro daga yamma, daga ƙasashen Mali, yana jingina kansa ga Alhaji Salim Suwari. Ivor Wilks ya bayyana tsarinsu a wani nazari da ya fito a 1968: ba a naɗa wa mutum rawanin malanta sai ya sauke Tafsirul Jalalaini da Muwaɗɗa ta Imamu Malik da Ashafa ta Alƙali Iyal, sannan a rubuta masa salsalar malaman da ya karɓa daga gare su, sunan wannan bayan wannan. Takardar salsala ita ce izinin magana. Wanda ba shi da ita yana iya mallakar littafin, amma ba a zama a gabansa a karɓa. Kogi na biyu na Hausawa da Barebari ne, wanda ya ƙaru sosai bayan jihadin 1804, ya zo da rubuce-rubucen Shehu Usmanu da Abdullahi na Gwandu da Muhammadu Bello, da waƙoƙin wa'azi na ajami. Koyarwar Suwari ta zama lafiya da sarakunan da ba Musulmi ba ce, littattafan Sakkwato kuwa suna da kaifi a kan wannan batu. A gari irin Yendi, inda tun zamanin Na Zangina, sarkin Dagwamba na wajen 1700, malamai suka shiga tsarin fada da muƙamai irin su Kamshe-Na da Yidan Kambara, zaɓen littafin da za a karanta a bainar jama'a da wanda za a bari a gafaka al'amari ne na siyasa tsantsa. Mai ajiya ne ke wannan zaɓe, kuma yawanci ya zaɓi abin da ba zai ɓata tsakaninsa da fada ba.

Gambaga tana ba da misali mai kyau na yadda ajiya ke zama iko. A zamanin Na Atabia, sarkin Mamprusi na farkon ƙarni na 18, aka kafa limancin garin, kuma ko da fadar Nayiri, wato sarkin Mamprusi, ta koma Nalerigu, liman ya zauna a Gambaga tare da 'yan kasuwa. Labarin rasuwar Atabia ma a rubuce ya zo mana, cikin Kitabu Ganja, tarihin da malaman Gwanja suka tsara wajen 1751, wanda ke jera aukuwar abubuwa shekara-shekara har na maƙwabta. Sarauta a waɗannan ƙasashe tana da nata ma'ajiya tarihi, wato makaɗa, waɗanda ke riƙe sunayen sarakuna da ka. Amma makaɗi yana faɗa ne a gaban wanda ke kan gado, takarda kuwa tana nan yadda aka bar ta, ko da yake ita ma mai alƙalami yakan yi mata ƙari. Daga Gambaga ne Muhammadul Gamba, wanda aka fi sani da Baba, ya fito. Ya zauna Kumasi a farkon ƙarni na 19, ya zama shugaban Musulmin birnin a zamanin sarkin Asante Osei Bonsu. Bowdich, jakadan Ingila da ya je can a 1817, ya same shi da makaranta da tarin littattafai, Dupuis, wani jakadan Ingila, shi ma ya zauna da shi a 1820. Abin lura a labarin Turawan nan biyu shi ne, duk abin da suka sani game da hanyoyin arewa sai da ya bi ta hannun Baba da abokansa. Su suka zaɓi abin da za a nuna wa baƙo da abin da za a ɓoye masa. Wani ɓangare na takardun Musulmin Kumasi na wancan zamani, warƙa wajen ɗari tara, ya faɗa hannun mutanen Denmark a yaƙin Katamanso na 1826, yana ɗakin karatu na sarauta a Kopenhagen har yau. Mafi yawansu laƙani ne da hatimai, amma akwai wasiƙu tsakanin Kumasi da malaman arewa, masu nuna cewa tambaya da amsa da aiken takardu suna kai-komo a kan hanyar goro kamar yadda goron ke yi.

Babu wanda ya haɗa ajiya da rubutu da alƙalancin zance kamar Alhaji Umaru ɗan Abubakar, wanda wasu ke kira na Salaga, wasu na Karaci. An haife shi a Kano wajen 1858, asalin gidansu Kabi, ya yi karatu a ƙasar Hausa, ya bi hanyar fatauci zuwa Gwanja. Abin da ya fara fitar da sunansa, tun yana saurayi wajen 1877, littafi ne kan yadda ake rubuta wasiƙa, Assarhatul Wariƙa. Mutum zai iya ɗaukar wannan ƙaramin abu, amma a duniyar da malamai ke warwatse daga Kano zuwa Kumasi, wasiƙa ita ce zauren da ya haɗa su. Littafin da ke koya maka yadda za ka buɗe magana da sarki, da yadda za ka buɗe ta da malaminka ko tsaranka, dokar zaman majalisa ce aka rubuta wa mutanen da ba sa ganin juna. Alhaji Umaru ya zauna Salaga dab da yaƙin basasar 1892, lokacin da Kabachewura Isifa ya tayar wa sarkin Kpembe, wanda Salaga ke ƙarƙashinsa, da taimakon Dagwamba da Nanumba, kasuwa ta watse, malamai da fatake suka bazu zuwa Kete-Karaci da Yeji da Kintampo da Kumasi. Waƙarsa Tanbihul Ikhwan a kan wannan rushewa take. A Salaga ya san Bajamushe Gottlob Adolf Krause, wanda Hausawa ke kira Malam Musa, a Karaci kuma ya yi aiki da Adam Mischlich, mai ƙamus ɗin Hausa na 1906, ya rubuta masa dogayen bayanai da ajami kan ƙasar Hausa da sana'o'inta da tarihinta.

Labari biyu daga rayuwarsa sun shafi batunmu kai tsaye. Na farko shi ne na limancin Karaci. Yadda aka riƙe labarin, da jayayya ta tashi tsakaninsa da wani malami kan wanda zai ja Juma'a, jami'in Jamus da ke riƙe da garin ya sa aka kawo Alƙamus, babban ƙamus ɗin Larabci, ya ce kowannensu ya karanta, aka ba Umaru. Akan ba da labarin don a nuna zurfin iliminsa, kuma ba shakka ya nuna. Ni abin da na gani a ciki daban ne. Al'ummar da yaƙi ya tarwatsa ta rasa dattijon da kowa zai yarda da hukuncinsa, har ta kai wanda ba ya salla ne ya zauna a kujerar raba gardamar masu salla. Amma ko shi bai iya yanke hukunci da bakinsa ba, sai da ya nemi littafi ya fake da shi, domin ya fahimci cewa a wurin mutanen nan ba a karɓar hukuncin da bai fito daga takarda ba. Na biyu shi ne na wani mai wa'azi da ake kira Musa, wanda ya ratsa yankin wajen 1904 zuwa 1905 da da'awa mai kama da ta Mahadi, yana sa mutane su watsar da tsafi, jama'a na bin sa. Alhaji Umaru ya yi masa raddi da waƙar Larabci, yana tuhumar sa da yaudara da neman abin duniya. Ba shi da dogari, ba shi da kurkuku. Abin da yake da shi shi ne almajirai a zangon kowane gari, waɗanda za su kwafi waƙar su karanta ta a zaurukansu. Korar mutum daga da'irar malamai ta wannan hanya ake yin ta, kuma tana ci. Alhaji Umaru ya rasu a Karaci a 1934, kuma har yau malamai da yawa a zangunan Ghana suna kai salsalarsu gare shi.

Jack Goody, masanin Ingila da ya daɗe yana bincike a Gwanja, ya kira yanayin nan ilimin rubutu mai ƙunci, a littafin da ya tsara a 1968. Hujjarsa ita ce rubutu ya tsaya a hannun 'yan kaɗan, cikin harshen da jama'a ba sa ji, an kuma lulluɓe shi da asiri. An yi masa raddi da yawa, kuma raddin yana da gaskiya ta wani fanni: mutumin da ya ga wasiƙun fatake da lissafin bashi da waƙoƙin ajami da ake rerawa a kasuwa ba zai ce rubutu a kulle yake ba. Sai dai kada son kare kakanni ya rufe mana ido. Tsarin da ya ba mai gafaka ikon tsara zance ya ba shi ikon toshe baki. Littafin asiri ba a ba da aronsa sai ga ɗa ko almajirin da ya yi shekaru yana hidima. Limanci da littattafansa sukan zauna a gida ɗaya, ko magajin ya kai ko bai kai ba. Salsalolin da aka tattara kusan duk sunayen maza ne, alhali a Sakkwato ta wannan zamani Nana Asma'u tana tura jajis, wato mata masu koyarwa, ƙauyuka da waƙoƙin karantarwa. Kuma Salaga da ake yabo da malamai ita ce babbar kasuwar bayi ta yankin, wasu daga cikin littattafan nan da kuɗin wannan ciniki aka sayi takardarsu. Zauren yana da natsuwa, amma wani ɓangare na natsuwar ya samu ne don an bar mutane da yawa a waje.

Zuwan Turawa ya fara canza wanda ake rubuta wa. Ingilishi sun mai da Gambaga hedikwatar yankin arewa tun ƙarshen shekarun 1890, kafin su koma Tamale a 1907, Yendi kuma ta faɗa rabon Jamus bayan yarjejeniyar Ingila da Jamus ta 1899. Jami'an mulki suna son tarihin sarautu don su san wanda za su naɗa, sai suka juya ga malamai. Haka Malam Alhasan na Salaga ya rubuta tarihohi da Hausa, waɗanda Withers Gill ya fassara wasu daga ciki zuwa Turanci a shekarun 1920. Mai ajiya ya sami sabon mai aro, wanda ba a iya ce masa wani ya riga shi.

Sabon salo na gaske ya zo bayan 'yancin kai. An kafa Cibiyar Nazarin Afirka a Jami'ar Ghana da ke Legon a 1961, Thomas Hodgkin ya shugabance ta daga 1962, Nkrumah ya buɗe ta a hukumance a 1963. Hodgkin da Wilks suka ɗauki aikin tattara rubuce-rubucen Larabci da ajami, amma ƙafar da ta yi yawon da bakin da ya yi roƙon na Alhaji Usmanu Boyo ne, malami daga Kintampo. Dabarar da aka bi mai sauƙi ce: a karɓi aron littafi, a kai Legon a ɗauki hotonsa, a mayar wa mai shi da asalinsa. A 1962 aka fitar da jerin farko da sunayen su uku, daga baya K. O. Odoom da J. J. Holden suka ci gaba da bayanin abin da aka tara, wanda ya kai kusan guda ɗari biyar. Nehemia Levtzion, wanda ya zagaya garuruwan Gwanja da Dagwamba da Mamprusi, ya dogara da wannan taska a littafinsa na 1968 kan Musulmi da sarakuna.

A ganina ba a ba Alhaji Boyo haƙƙinsa ba in aka kira shi mai tattarawa kawai. Dalilin da ya sa malamin Yendi ko na Salaga zai zaro littafin kakansa ya miƙa, shi ne wanda ya zo nema ɗan gida ne a ilimi, yana da salsala, ya san gaisuwa, ya san abin da ba a tambaya a zama na farko. Tsohuwar al'adar aro ce ya yi amfani da ita, jami'a ta zama almajirin da ke kwafa ta dawo da warƙoƙi. Kuma kamar kowane mai tsara zance, zaɓinsa ya shiga cikin sakamakon. Gidajen da ya sani su aka fi shiga, abin da masu shi suka yarda a gani shi aka ɗauka, abin da masu bincike ke ƙishirwa, wato tarihi da jerin sarakuna da salsala, shi aka fi nema. Duk mai karanta tarihin Musuluncin arewacin Ghana a yau, ko a Legon ko a Jami'ar Northwestern ta Amurka inda kwafin taskar yake, yana sauraron zauren da Boyo ya shimfiɗa wa buzu ne, ko ya sani ko bai sani ba. Hodgkin ya bar Ghana a 1965, aka hamɓarar da Nkrumah a Fabrairun 1966, Wilks ma ya tafi, aikin ya yi sanyi.

A daidai wannan lokaci ƙasa tana zamewa a ƙarƙashin tsohon tsarin ta wata fuska. Littattafan bugun Alƙahira da Beirut sun cika kasuwa, alhazai na dawowa da su, abin da ake shekara ana kwafa ya zama na sayen yini ɗaya. Ziyarar Shehu Ibrahim Inyas a farkon shekarun 1950 ta ƙarfafa Tijjaniyya a Kumasi da arewa. A Tamale kuma Afa Ajura, wanda ya kafa makarantar Anbariyya, ya fito yana sukar ɗariƙa da al'adun da ya kira bidi'a, yana wa'azi da waƙa cikin Dagbanci don kowa ya ji. Bayan buɗe Jami'ar Musulunci ta Madina a 1961, ɗalibai suka fara tafiya suna dawowa da shahada mai hatimi da akwatunan littattafan da babu su a gafakar kowa. Rikicin da ya biyo baya tsakanin ɓangarorin biyu ya raba masallatai da gidaje, wani lokaci har da doke-doke.

Akan karanta wannan rikici a matsayin saɓanin aƙida, kuma haka ne. Amma akwai saɓani a ƙarƙashinsa kan wanda ke da ikon buɗe littafi. Tsohon malami yana tambaya: a wurin wa ka karanta? Sabon yana amsawa da tambaya: a wane shafi yake? Tambaya ta farko tana bukatar mai ajiya, ta biyu ba ta bukatar kowa sai mai kuɗin saye. Akwai alheri a nan wanda bai kamata a raina ba, domin ɗan talaka da mace da wanda kakansa bawa ne sun sami ƙofar da a da ba su da ita. Sai dai gardamar da ake yi a zaure gaban mutum ashirin da suka san nahawu ta koma lasifika da kaset da rediyo, gaban dubban da ba su da hanyar tantance hujja, kuma babu wanda ɓangarorin biyu suka yarda ya ce wa mai magana ya isa haka. Inda aka rasa wannan, 'yan sanda da kwamitin tsaro na yanki ne ke shigowa, su kuwa abin da suka iya shi ne hana wa'azi gaba ɗaya na wani lokaci. Shigar da makarantun Islamiyya cikin tsarin gwamnati ta Sashen Ilimin Musulunci a 1987 ya daidaita manhaja da albashi, bai taɓa wannan matsala ba.

Ma'aikatan ɗakin karatu na zamani fa? Ghana na cikin ƙasashen Afirka da suka riga kowa a wannan fanni. Hukumar ɗakunan karatu ta fara aiki a 1950 ƙarƙashin Evelyn Evans, ƙungiyar ma'aikatan kuma ta kafu a 1962. Amma an gina sana'ar a kan littafin Turanci bugagge, mai lamba a gindi, wanda kowa ke iya ɗauka. Tarbiyyarta ita ce ma'aikaci kada ya tambayi mai karatu dalilinsa, kada ya fifita wani ra'ayi. Wannan kishiyar tarbiyyar mai gafaka ce, wanda aikinsa duka tambaya ne da fifitawa. Shi ya sa sana'o'in biyu suka zauna a gari ɗaya kamar kishiyoyin da ke gaisawa a tsakar gida, kowa da tukunyarta. Ina ganin kowannensu yana riƙe da rabin abin da ake bukata: ɗaya ya iya buɗe ƙofa ga kowa, ɗaya ya san abin da ke cikin littafin da wanda ya rubuta a gefensa.

Hatsarin da ke kan takardun kansu a bayyane yake. Gara da ɗigon damina da rabon gado suna cin nasu a hankali, tashin hankali kuma yana ci a dare ɗaya. Yaƙin ƙabilanci na 1994 ya ratsa ƙasashen Salaga da Yendi, a Maris na 2002 aka kashe sarkin Dagwamba, Ya-Na Yakubu Andani na biyu, aka ƙona fadarsa a Yendi, Bawku kuma tun ƙarshen shekarun 1950 take fama da rikicin sarauta tsakanin Kusasi da Mamprusi, da dokar hana fita da ƙone-ƙonen gidaje. A irin wannan wuri takardar da ke ɗauke da jerin sarakuna ko labarin wanda ya fara zama a gari ba kayan tarihi ba ce kurum, hujja ce da za a iya kai wa kotu ko kwamitin bincike, kuma mai ita ya san haka. In ya ƙi nuna wa baƙo mai kyamara, ba jahilci ba ne ya hana shi.

Ɗaukar hoto da na'ura ya sauƙaƙa abin da Boyo ya sha wahala a kansa, tun da yanzu ba sai littafi ya bar gidan mai shi ba. Wahalar ta koma wurin bayani. Kafin a rubuta wa warƙa ɗaya daga Gambaga bayanin da zai amfani mai bincike, ana bukatar wanda ya iya Larabcin fiƙihu, ya iya karanta ajamin Hausa na ƙarni na 19, ya gane inda kalmar gefe ta juya zuwa Dagbanci ko Mampruli ko Gwanja, ya kuma san gidajen malamai har ya gane cewa sunan da ke ƙarshen littafin kakan limamin unguwa kaza ne. A Legon, sashen da ke horar da ma'aikatan ɗakin karatu daban yake da inda ake koyar da Larabci, masu wannan sani na gida kuwa yawancinsu suna zaure, ba su da takardar shaidar da za a ɗauke su aiki da ita, kuma shekarunsu sun ja.